Yaro mai alajin gyada a makarantar Kano: a hana gyada shigowa ko yaya za a yi?

Tambayar ta zo ne daga wata Hajiya da ke shugabantar makarantar nazare da firamare mai zaman kanta a nan cikin Kano. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Likita, an kawo mana yaro ɗan shekara bakwai. Mahaifiyarsa ta zo da takardar asibiti cewa jikinsa ba ya karɓar gyada ko kaɗan, har an taɓa kwantar da shi a kan haka. Ta ce sai mun hana duk abin da ke da gyada shigowa makaranta, kamar yadda aka yi masa a Ingila inda suka zauna. Wasu malamaina sun ce tsirfa ce, wasu sun ce kada mu karɓe shi mu jawo wa kanmu. Ina mafita?"

Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika tsaya tambaya kafin yanke hukunci. Ki karɓi yaron. Amma kada ki yi wa mahaifiyarsa alkawarin cewa gyada ba za ta shigo makarantarki ba, domin alkawari ne da babu mai iya cika shi a garin nan, kuma ranar da ya karye yaron ne zai ɗanɗana. Akwai abin da za ki iya yi mata alkawarinsa wanda ya fi wannan ƙarfi, shi zan yi miki bayani.

Na fara da malaman da suka ce tsirfa ce. Ban ga laifinsu ba, abin da ido bai saba gani ba da wuya zuciya ta gaskata. Amma ciwo ne na gaske. Mu a asibiti muna ce masa alaji, mutanen gari kuma sun fi saninsa da borin jini idan ya fito a fata. Garkuwar jikin yaron ce, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ta ɗauki furotin ɗin da ke cikin gyada a matsayin abokin gaba. Da zarar ya shiga ciki sai ta saki sinadarai irin su histamin a lokaci ɗaya, fata ta yi rudu-rudu, ƙaiƙayi ya taso, leɓe da fatar ido su kumbura. Idan a nan ya tsaya, da sauƙi. Wani lokaci kuwa kumburin ya kan sauka maƙogwaro, hanyoyin iska na huhu su tsuke, jini ya yi ƙasa har yaro ya sulale. Wannan shi ne anafilaksis, kuma yana iya kashewa cikin mintuna. Yawanci yana farawa ne kafin rabin awa da cin abin, wani lokaci ya kai awa biyu. Ba sai an ci cikin hannu ba. Ɓarin ƙwaya ɗaya, ko abin da ya maƙale a bayan cokali, ya isa. Kuma yadda ya zo wa yaro bara ba ya nuna yadda zai zo masa bana.

A Ingila da Amurka kusan yara 2 cikin 100 ne ke da shi. A nan bai kai haka ba, kuma akwai dalili mai ƙarfi. A 2008 an kwatanta yaran Yahudawa da ke Ingila da 'yan'uwansu na Isra'ila, aka ga na Ingila sun ninka su kusan sau goma wajen alajin gyada, saboda na Isra'ila suna fara cin gyada tun suna jarirai. A 2015 wani bincike da aka yi a Landan kan jarirai 640 ya tabbatar da cewa fara ba jariri gyada da wuri yana rage haɗarin da kusan kashi 80 cikin 100. Mai yiwuwa kunun gyadar da iyayenmu mata ke ɗura wa yaro tun kafin ya fara rarrafe ya kare mana 'ya'ya da yawa. Sai dai ki riƙe wannan da kyau, domin a nan kakanni ke yin kuskure: wannan kariya ce ga jaririn da alajin bai kama ba. Wanda ya riga ya kama, "a dinga ba shi kaɗan-kaɗan zai saba" hanya ce ta kai shi kabari. Kuma ina da yaƙinin cewa wasu daga cikin yaran da ake cewa asma ce ta taso musu farat ɗaya, ko an shaƙe su, ko iska ce ta buge su bayan sun ci abinci, wannan ciwon ne ba a gane ba.

Yanzu batun hani. Hajiya, gobe da an fita tara ki tsaya a bakin get ki duba farantan masu talla ɗaya bayan ɗaya. Gurasa bandashe da ƙuli ake yi. Rogo da ƙuli ake ci. Kwaɗon zogale da na rama ƙuli ne ransu. Ɗanwake da garau-garau da man gyada ake zuba musu, yajin ma sau da yawa da garin ƙuli a ciki. Awara, ƙosai da fanke a man gyada ake toyawa. Ga dakuwa, ga hallaka-kwabo, ga kantun gyada, ga yajin tsire, ga kilishi. Cikin kulolin da yara ke zuwa da su daga gida kuma akwai miyar taushe, akwai dambu, akwai fate. Garin da ya tara dalar gyada tun bayan isowar jirgin ƙasa wajen 1912, gyada ta shiga tukunyarsa ta kowace kusurwa.

Wurare biyu ne ma mutane ba sa tunawa da su. Na farko man. Wanda aka tace sosai a manyan masana'antu kusan babu furotin a cikinsa, amma man ƙuli da matan unguwa ke matsewa, da wanda ake aunawa a kwalba a kasuwa, yana ɗauke da shi, kuma shi ne a yawancin gidajenmu. Na biyu injin markaɗe. Injin da ya markaɗa wa mai ƙuli gyadarta da safe, shi ne zai markaɗa wa maƙwabciyarta wake ko kayan miya bayan minti goma. Uwa za ta rantse miki da Allah ba ta sa gyada a abincin ɗanta ba, kuma gaskiya ta faɗa, amma gyadar tana ciki. To yaya za ki tsare ɗaruruwan kuloli kowace safiya?

Abin da ya fi damuna da allon "babu gyada a makarantar nan" shi ne yana sa kowa ya saki jiki. Malama ta daina dubawa, yaron ya ɗauka duk abin da ke cikin makaranta halal ne ga jikinsa, maganin ya koma ƙasan durowa. Ko a ƙasashen da ake iya karanta abin da ke cikin kowane abinci a jikin leda, hanin bai yi abin da aka zata ba. A 2017 an fitar da bincike kan makarantun gwamnati na jihar Masacusets a Amurka, aka ga makarantun da suka hana gyada gaba ɗaya ba su samu raguwar yawan yi wa yara allurar gaggawa ba, waɗanda suka ware tebur mai tsafta marar gyada su ne suka samu. Ga kuma wani abu namu na gida. Ga yara da yawa, ƙulin nan shi ne abinci mai gina jiki mafi araha da iyayensu ke iya saye. Idan kika hana shi, iyaye za su ɗora haushin a kan yaro ɗaya, kuma yara na jin abin da ake faɗa a gida.

Abin da ke hannunki shi za ki tsare. Ajinsa kada a ci abinci a ciki, a fita waje a ci. Idan makaranta na dafa abinci, ko ranar walima, ko saukar Alƙur'ani, ko bikin yaye ɗalibai, a sanar da mahaifiyarsa kwana biyu kafin ranar ta haɗo masa nasa kek ɗin da cincin, domin kada ya zauna yana kallon bakin 'yan'uwansa. Kada a yi amfani da gyada ko ɓawonta wajen koyar da ƙirga ko aikin hannu a ajinsa. Doka mafi girma kuwa ita ce yaron ba ya sa komai a baki sai abin da ya zo da shi daga gida. Kularsa, cokalinsa, gorar ruwansa, nasa ne shi kaɗai. Ba a ba shi kuɗin tara. Ki lura da fiya wata musamman, yara huɗu sukan sha leda ɗaya baki da baki, kuma yawun wanda ya gama cin ƙuli yanzu yana ɗauke da furotin ɗin.

Wurin cin abincinsa a goge shi da ruwa da sabulu, ya zauna da abokai biyu ko uku da malama ta duba abincinsu. Kada a ware shi a lungu shi kaɗai kamar mai cutar da ake ɗauka. 'Yan ajin duka su wanke hannu da sabulu bayan tara. Sanitaiza ba ta cire furotin ɗin gyada, an gwada an gani, ƙwayoyin cuta take kashewa. Ki kuma kwantar wa mahaifiyar da hankali a kan abu ɗaya: jin ƙamshin gyada daga nesa ba ya jawo anafilaksis, taɓa fata kuma yawanci a ƙaiƙayi da borin wurin yake tsayawa. Haɗarin yana ga abin da ya shiga baki. Sai dai kada ya tsaya inda ake suyar gyada ko dakan ƙuli, inda garin ke tashi.

Wahalar da na fi gani ba a tsafta take ba, a tarbiyyarmu take, kuma tarbiyya ce mai kyau. Mun koya wa yaro cewa rowa abin kunya ce, wanda ke ci ya ce bismillah, wanda aka miƙa wa kuma ba ya mayar da hannun kyauta baya, balle daga babba. Yanzu muna so ɗan shekara bakwai ya kalli anti ko baba maigadi ya ce a'a. Sai an koya masa kalmar da zai faɗa ba tare da ya ji ya yi rashin kunya ba: "Na gode, likita ya hana ni." A maimaita masa har ta zauna. 'Yan ajin kuma a tara su a gaya musu gaskiya da harshen da za su fahimta, cewa son abokinsu shi ne kada su sammasa. Za ki yi mamakin yadda yara ke riƙe irin wannan amana, sau da yawa su ne ke fara gudu su kira malama. Tsokana da gyada kuwa, a tura masa a baki ko a jefa masa a kula don a ga abin da zai faru, ki rubuta a dokar makaranta cewa laifi ne mai girma kamar zuwa da wuƙa. A 2017 wani yaro ɗan shekara 13 mai alajin madara ya rasu a Landan bayan wani ɗalibi ya jefe shi da cuku, aka kuma tarar allurarsa da ke makarantar ta wuce wa'adinta.

Ki tambayi mahaifiyar ainihin abubuwan da likita ya hana. Yazawa, almon, fistashiyo da danginsu na bishiya daban suke da gyada, amma wasu yaran suna da alajin duka biyun, kuma suna ɓuya cikin cakulan, biskit da dabinon tsarabar Makka da ake cusa wa almon. Aya saiwa ce, ba ta da dangantaka da gyada, sai dai a dakuwa tare ake daka su. Wake, waken suya da gurjiya dangin gyada ne, amma mafi yawan masu alajin suna cin su lafiya. Riɗi alajinsa daban ne. Kada makaranta ta ƙara wa yaro hani daga kanta, kada kuma ta rage.

Na zo kan abin da ya sa na zauna rubuta wannan amsa da tsawo. Duk tsaron da za ki yi, wata rana za a yi kuskure. Sabuwar malama za ta zo, ko wani yaro ya miƙa masa alawa a bayan aji. Don haka ma'aunin tsarinki tambaya ɗaya ce: idan ya faɗi a filin wasa da ƙarfe goma na safe, wa zai yi me cikin minti biyar na farko?

Na taɓa karɓar wata yarinya da aka kawo daga wata makaranta numfashinta yana fito, leɓenta ya yi duhu. Iyayenta sun yi duk abin da ya kamata, sun kai allurar gaggawarta makaranta tun farkon zango. An kulle ta a durowar ofis don kada ta ɓace, mai makullin kuma ya fita banki. Malaman, cikin tausayi da ruɗewa, suka ɗura mata manja, suka tsaya neman lambar mahaifinta. Allah ya yi da sauran kwananta. Amma har yau idan na tuna cewa maganin yana taku ashirin daga inda ta faɗi, sai jikina ya yi sanyi.

Maganin anafilaksis ɗaya ne, allurar adirenalin a tsokar cinya ta gefen waje. Piriton yana rage ƙaiƙayi da bori, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. Allurar haidirokotizon da masu kemis ke saurin yi tana ɗaukar awanni kafin ta fara aiki. Manja, madara, zuma ko habbatus sauda a bakin yaron da ke fama da numfashi ƙara shaƙe shi za su yi. A yi addu'a da baki, hannu kuma yana kan allura.

Malamai su san lokacin yin ta. Bori a fata kawai, ko kumburin leɓe, yaro yana magana yana numfashi lafiya: a ba shi maganin da likitansa ya rubuta, a zauna da shi, a kira gida, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Amma idan murya ta dishe, ko tari ya ƙi tsayawa, ko numfashi yana ƙara, ko harshe ya kumbura, ko ya kasa haɗiyar yawu, ko jiri ya kwashe shi ya yi laushi, allura nan take. Ƙaramin yaro ba zai ce maƙogwarona yana rufewa ba. Cewa zai yi "wani abu ya tsaya min a wuya", ko "harshena ya yi nauyi", ko ya yi shiru yana sosa bakinsa. A fatarmu kuma jan da littattafan Turawa ke nunawa ba ya fitowa sosai, sai an shafa an ji tudun borin, an duba cikin leɓe. Wani ma babu borin ko kaɗan, numfashin ne kawai. Mai asma haɗarinsa ya fi, kuma idan ana shakka ko asma ce ko alaji bayan ya ci wani abu, adirenalin ake fara yi, sannan inhela. Yin allurar ga wanda ashe bai buƙace ta ba yakan tsaya a bugun zuciya da rawar jiki na ɗan lokaci. Jinkirta ta ga wanda ya buƙata shi ne ke kisa.

Akwai allura mai sarrafa kanta irin EpiPen, wadda ko maigadi zai iya dannawa ta saman wando idan an nuna masa. Tana da wuyar samu a nan, tana da tsada, wa'adinta kuma bai cika wuce shekara ɗaya da rabi ba. Tunda iyalin sun zauna a Ingila, wataƙila suna da ita, ki nemi guda biyu su zauna a makaranta. Idan babu, adirenalin na ƙaramar kwalba yana da araha, ana samunsa a manyan shagunan magani, amma wannan sai nas ko ma'aikacin lafiya da aka horar, domin zuƙa ake yi a sirinji. Mai ƙarfin miligiram 1 a kowace mililita (mil), ma'auninsa mil 0.15 ga ɗan ƙasa da shekara 6, mil 0.3 daga 6 zuwa 12, mil 0.5 ga wanda ya haura 12, a tsoka, ba a jijiya ba har abada. Likitan yaron ya rubuta nasa ma'aunin ya sa hannu. Idan babu sauƙi bayan minti biyar, a sake a ɗaya cinyar. Makarantar da ke karɓar kuɗin ɗaruruwan yara ya kamata ta iya ɗaukar nas, kuma ni a ganina wannan ya fi sabon fentin get muhimmanci.

Ajiyarta a Kano sai an kula. Zafi da hasken rana suna lalata ta, ana so ta zauna ƙasa da digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. A nemi ɗaki mafi sanyi, cikin akwati mai alama, inda hannun yara ba ya kaiwa amma babu kwaɗo a jiki. Ban da cikin mota, ban da bakin taga, ban da firiza. Duk farkon wata a duba wa'adi a duba ruwan, idan ya sauya launi ko ya yi gurɓi a canja.

Bayan allura a kwantar da shi a inda yake, a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ya fi damunsa ya zauna a jingine da ƙafafu a miƙe. Kada a tsayar da shi, kada a ce ya taka zuwa ofis, kada a ɗora shi a zaune a bayan babur, domin miƙewa tsaye lokacin da jini ya faɗi tana iya tsayar da zuciya. A ɗauke shi a kwance zuwa mota. A kira 112, amma kada a zauna jira, ki san tun yau motar wa ko adaidaita sahun wa za a ɗauka, da wanda zai maye gurbinsa. Ki san asibitin da ya fi kusa da ke mai sashen gaggawa, ko na Malam Aminu Kano ne, ko Murtala, ko Nassarawa, ko na yara na Hasiya Bayero, ki bi hanyar da kanki a lokacin cunkoso ki ga minti nawa ce. Ko ya warware ya fara dariya, asibiti dole ne, domin abin yakan dawo bayan awanni. Iyaye kuma ana kiransu ne bayan an yi allura, shi ya sa za su sa hannu tun ranar rajista cewa sun yarda a yi ba tare da jiran izininsu ba.

Duk wannan ya shiga takarda shafi ɗaya mai hoton yaron, da Hausa, a manna a ajinsa, a ofis, a ɗakin nas da ɗakin maigadi. Haka lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta a dokar da ya kafa a 2005, bayan wata ɗaliba mai shekara 13, Sabrina Shannon, ta rasu a 2003 sakamakon abincin da ta ci a makaranta: takardar kowane yaro, horar da ma'aikata a kai a kai, da hanyoyin rage haɗari. Amurka a 2013 da Ingila a 2017 sun buɗe wa makarantu hanyar ajiye adirenalin na ko-ta-kwana, domin an lura kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ake yi wa allurar a makaranta ba a taɓa sanin suna da alaji ba. Ke nan akwatin nan ba na yaro ɗaya ba ne. Zai yi wa wanda rina ko zuma ta harba amfani, da mai alajin kifi, ƙwai ko madara da ba a gano ba tukuna.

Idan labari ya bazu, wasu iyayen za su zo miki da takardun gwajin jini. Ki tura su wajen likitan yara, domin gwajin jini shi kaɗai yana ruɗi a yankinmu. Wani bincike da aka fitar a 2013 kan 'yan makaranta a Gana ya samu yara da yawa da jininsu ya nuna alamar alajin gyada alhali suna cin ta lafiya, aka danganta hakan da tsutsar tsargiya. Shi kuma yaronki, kusan ɗaya cikin biyar na masu irin ciwonsa kan rabu da shi idan sun girma, amma a asibiti ake gwada hakan, gaban likita da allura a ajiye.

Ki roƙi mahaifiyar ta kai kwafin takardar Islamiyyar da yake zuwa da yamma, inda ake yawan rabon sadakar abinci, ta kuma ba ɗan adaidaitan da ke ɗauko su, wanda yakan tsaya saya wa yara abin taɓawa a hanya. Sannan kafin yaron ya fara zuwa, ki tara kowa, har masu shara da nani da maigadi, a kira nas ko likita ya nuna musu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wani malami ya kwanta a can ƙarshen filin wasa a matsayin yaron, ke kuma ki riƙe agogo. Daga ihun farko zuwa lokacin da allura ta taɓa cinya, idan ya haura minti biyar, ki matso da akwatin kusa, ki sauya wanda zai yi gudun, ku sake. Ku maimaita haka farkon kowane zango, da duk ranar da kika ɗauki sabon ma'aikaci.